Sega Mega Drive 2 a gida: wane kaset na wasan tsalle-tsalle ya kamata a fara nema?

Baban Yara, Jahun

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai Sega Mega Drive 2 a hannuna, tana kamawa lafiya, da hannu biyu masu maɓalli uku-uku, amma kaset ɗaya tak gare ta, na ƙwallo. Yara biyu ne za su riƙa bugawa, ɗan shekara 7 da 'yar shekara 11, ni ma ina so in riƙa taɓawa da dare. Wasannin tsalle-tsalle nake nema, irin wanda ake gudu daga hagu zuwa dama ana haye ramuka ana taka abokan gaba. Kuɗin da na ware ba zai wuce na kaset uku ko huɗu ba. Abin da ya fi damuna wuta: ba na son wasan da za a yi awa biyu ana fama, a ɗauke wuta, a koma farko. Wanne zan fara nema, wanne zan bari? Kuma me zan duba a jikin kaset kafin in biya?

Ɗan Wunti

Wa alaikumus salam Baban Yara. Fara da Sonic the Hedgehog 2, na 1992. Ba don sunansa ya fi fita ba, don ya dace da gidanka ne. In aka sa hannu na biyu, ƙaramin yaron zai riƙe Tails, dilan nan mai wutsiya biyu, yayarsa ta riƙe Sonic. Tails ba ya ƙarar da rai: ko ya faɗa rami ko ƙaya ta soke shi, bayan ɗan lokaci zai sauko daga sama ya ci gaba. Ka ga ƙaramin yana cikin wasa, yana tara zobba, yana dukan bos, wato babban abokin gaba na ƙarshen mataki, ba kuma wanda zai ce shi ya jawo aka mutu.

Kaset ɗin ba ya ajiye inda aka tsaya, amma akwai hanyar zaɓen mataki da take maganin ɗauke wuta. A shiga Options, a sauka kan Sound Test, a kunna sauti 19, sai 65, sai 09, sai 17, kowanne a danna a ji ya fara. Za ka ji ƙarar zobe. A danna Start a koma allon farko, a danne A, a danna Start ba tare da an saki A ba. Jerin matakan duka zai fito, daga Emerald Hill har Death Egg. Rubuta lambobin nan huɗu a takarda ka manna a bayan kaset.

Wuraren da yara suke maƙalewa sanannu ne. Na farko Chemical Plant kashi na 2, inda ruwan nan mai launin shuɗi-ja yake tasowa ana hawan tubalan da suke juyawa. Numfashin Sonic a ruwa daƙiƙa 30 ne, kuma a wannan mataki babu kumfar shaƙar iska ko ɗaya. Kiɗan ƙirga yana firgita yaro ya yi ta tsalle barkatai, ya zame ya koma ƙasa. Maganinsa a tsaya a kan tubali ɗaya, a bar shi ya ɗaga ka, sannan a yi tsalle guda. Wajen bos na matakin kuma a tsaya a tsakiya, domin daɓen gefe biyu yana kifewa. Na biyu Death Egg, inda babu zobe ko guda: bugu 8 ga Sonic na ƙarfe, bugu 12 ga babban mutum-mutumin, taɓawa ɗaya kuma mutuwa ce. Wannan sai an shigo da rai da yawa, shi ya sa ake tara zobe 100-100, masu ƙara rai, tun daga Casino Night.

Mai neman duwatsun Chaos guda 7 ya riƙe zobe 50 ya taɓa sandar tsayawa, taurari za su kewaya samanta, ya yi tsalle ya shiga matakin musamman da ake samun duwatsun. Amma a nan Tails ɗin da na'ura take tuƙawa cikas ne, yana biyo ka a makare, ya ci bam ya zubar da zobban da ya tara. In kai kaɗai kake bugawa, zaɓi Sonic shi kaɗai a Options.

Na biyu a jerina, wanda a wurina ya fi duk wani wasan tsalle a wannan na'ura, shi ne Sonic 3 haɗe da Sonic & Knuckles, duka na 1994. Kaset biyu ne. Na Sonic & Knuckles yana da murfi a ka, a buɗe a cusa Sonic 3 a ciki, sannan a sa su a na'ura tare. Sai su zama wasa ɗaya mai yanki 14 da gurbin ajiya 8. Sonic 3 shi kaɗai yanki 6 ne da gurbi 6. Ajiyar tana riƙe yankin da aka kai, ba tsakiyar mataki ba, saboda haka in wuta ta tafi a kashi na 2 za a dawo farkon yankin, ba farkon wasa ba. Ga garkuwa iri uku: ta ruwa tana ba ka numfashi a ƙarƙashin ruwa, ta walƙiya tana jawo zobba, ta wuta tana kare ka daga wuta, amma biyun ƙarshe suna mutuwa da zarar ka tsunduma ruwa. A nan Tails yana tashi sama, har mai hannu na biyu ya ɗauki Sonic ya haye da shi wurin da ya gagara.

Abu ɗaya da ya tsayar da mutane da yawa: gangar nan ja da fari a Carnival Night kashi na 2. Tsalle ba ya sauke ta. Tsayawa za ka yi a kanta, ka danna ƙasa lokacin da take sauka, ka danna sama lokacin da take hawa, lilon ya yi ta ƙaruwa har hanya ta buɗe. Wanda bai sani ba zai tsaya a nan har minti 10 na matakin su cika.

Sonic na farko, na 1991, bar shi sai daga baya. Ba a murza gudu daga tsaye a cikinsa, kuma Labyrinth, yankinsa mai ruwa, yana gajiyar da yaro.

Mai Gyara, Muda Lawal

Malam Baban Yara, abin da Ɗan Wunti ya faɗa daidai ne, ni ta ɓangaren ƙarfen zan shigo, domin wasan tsalle ya dogara ne da tsalle ya fita a daidai lokacin da yatsa ya danna. In hannu ko talabijin ya jinkirta, mafi kyawun kaset ma zai zama abin haushi.

Fara da tabbatar da abin da ke hannunka. Akwai na'urori da yawa masu siffar Sega waɗanda cikinsu Nintendo ce mai bit 8, masu cin ƙaramin kaset rawaya. Waɗannan ba sa karɓar kaset ɗin Mega Drive sam. Juya ta ka karanta takardar ƙasa, ka faɗa mana lambar da ke jiki.

Sai adafta, nan ne aka fi kashe su. Mega Drive ta farko, mai faɗi da ramin abin ji na kunne a gaba, tana cin bolt 9 zuwa 10, amfiya 1.2, kuma tsakiyar bakin fulogin shi ne mai alamar ragi. Ta biyu, irin taka, bolt 10 ce, miliamfiya 850, bakinta siriri mai rawayen kai, tsakiyarsa kuma mai alamar tarawa ne. Akasin juna suke. Mai yanke waya ya haɗa wani baki ba tare da ya gwada da mita ba, shi ke ƙona na'ura. Duk adaftar da aka rubuta AC a wajen fitarta, irin ta tsohuwar Nintendo NES, kada ta kusanci Sega. Adaftar da ta zo daga Amurka ko Japan kuma ta wutar 120 ce ko 100, tamu 230 ce, sakan kaɗan za ta yi hayaƙi. In da janareta ake kallo, a tayar da shi ya daidaita tukuna kafin a sa fulogi, kuma a cire kafin a kashe shi.

In na'urar tana mutuwa ko tana komawa farko da an taɓa wayar wuta, ba kaset ba ne. Dalmar da ta riƙe ramin adafta a jikin allon cikin na'ura ce ta tsage, ciwon da aka san Mega Drive 2 da shi. Mai gyaran rediyo zai sake narka dalmar ƙafafun cikin minti biyar.

Kaset kuwa haƙoransa 64 ne, 32 kowane gefe. Ƙurar hunturu tana shiga ta haɗu da danshi ta yi baƙi a kansu, sai ka kunna ka ga allo baƙi ƙirin, ko rubutun lasisin Sega ya fito daga nan shiru. Kada a hura da baki, yawu ne ke kawo tsatsa. A samo isofurofil, ruwan goge kayan lantarki, wajen masu gyaran waya, a jiƙa audugar goge kunne, a goga kowane gefe har sai sabuwar auduga ta fito fara, a bar shi minti biyu ya bushe. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da samfefa: ruwan gwal ɗin da ke kan haƙoran siriri ne, in ya goge shi ke nan. Kada kuma a zare kaset na'ura tana kunne.

Wajen saye, tafi da na'urarka ko ka sa a kunna a gabanka. Sonic 3 na asali ba batir yake amfani da shi wajen ajiya ba, wani guntu ne da ba ya bukatar wuta, shi ya sa har yau da yawansu suna riƙewa. Na jabu da yawa ba su da guntun gaba ɗaya. Gwajin ba wuya: zaɓi gurbin ajiya, gama Angel Island kashi biyu, ka shiga Hydrocity, kashe, jira kaɗan, kunna. In gurbin ya nuna yanki na 2, saya. Kaset mai wasa da yawa a ciki yana da araha kuma yana aiki, sai dai yawanci ba ya ajiya, kuma Sonic & Knuckles da ke cikinsa ba inda za ka cusa masa Sonic 3.

Talabijin: tsohuwa mai doro ta fi kowace. Filasma tana ɗaukar lokaci tana gyara hoton kafin ta nuna, sai tsalle ya riƙa makara. In ita kaɗai ce a gidan, shiga saitin hoto ka kunna Game Mode, ka mayar da faɗin allo 4:3. Yi amfani da wayar AV mai baki tara ta Mega Drive 2, ta na'urar farko baki takwas ce babba, ba ta shiga.

In maɓalli sai an danne da ƙarfi, kwance hannun, goge baƙin robar da wurin da take taɓawa a allo da isofurofil ɗin nan.

Antin Yelwa

Sannunku da ƙoƙari. Ɗan Wunti ƙanena, ban ƙi Sonic ba, amma ɗan shekara 7 da ke riƙe da Tails sau da yawa allo yana barinsa a baya, domin Sonic kamara take bi. Yana wasa ne, amma ba da shi ake tafiya ba. Wasan da ya sa yara biyu dole su jira juna shi ne World of Illusion, na 1992, mai Mickey da Donald. In ɗaya ya hau tudu sai ya sako wa ɗaya igiya. Wani wurin sai ɗaya ya taka kafaɗar ɗaya. A ƙaramin rami Mickey yana rarrafawa ya wuce, Donald ya maƙale, sai an jawo shi ta hannu. Akwai keken ramin haƙar ma'adinai da ba ya tafiya sai suna tsalle bi da bi a kan bakinsa biyu. Rai kuma na tarayya ne, in ɗaya ya yi ganganci su biyun ya jawo wa. Mataki 5 ne kawai, ga lambar sirri ta hoton kati huɗu da ake bayarwa, a zana a littafi a ci gaba gobe. Baban Yara, in kaset uku za ka saya, wannan ya shiga ciki.

Castle of Illusion na 1990 na mutum ɗaya ne, kuma yana da Practice, gajeren zubi mai sauƙi da ya dace da mai koyo. Abin lura a cikinsa: faɗa wa abokin gaba haka kawai rauni ne. Sai an yi tsalle an sake danna maɓallin tsalle a sama, Mickey ya zauna a kansa.

Ga babbar kuma, Aladdin na 1993. Na Sega daban yake da na Super Nintendo: wannan kamfanin Virgin ne ya yi shi tare da masu zanen Disney, kuma yana da takobi, wancan na Capcom ba takobi. Motsin jikinsa har yau abin kallo ne. Hayaƙin fitilar da ke saman allo shi ne lafiyarka. Tuffa ta jifa ce daga nesa, kada a ɓarnatar da ita a kan masu gadin da takobi zai iya. Jan dutse a tara shi: a wurin ɗan tireda da ke ɓoye cikin matakai, 5 suna sayen rai, 10 suna sayen damar ci gaba bayan rai ya ƙare. Ba ya ajiya, amma in aka tsayar da wasa da Start aka danna A, B, B, A, A, B, B, A, zai tsallake zuwa mataki na gaba. Da wannan ake komawa inda wuta ta yanke.

Wanda zan ce a dakata da shi The Lion King ne, na 1994. Kwalinsa yana jan yara, matakin farko ma da daɗi, amma na biyu yana sa kuka. Birai suna jifa da Simba daga wannan zuwa wancan, kuma sai an yi wa masu launin hoda gurnani sun juya fuska kafin hanyar ta daidaita, wasan kuma bai bayyana wannan sosai. Daga nan ga gudun jimina mai tsalle biyu a jere, kuskuren ƙiftawar ido ya kashe ka. Wasa ne mai kyau, amma ba na farawa ba. Kid Chameleon shi ma a bar shi: matakansa sun haura 100, babu ajiya, babu lambar sirri.

Baban Yara, Jahun

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Mai Gyara, a ƙasanta an rubuta MK-1631-50, adaftar kuma mai rawayen baki ce. Na aro Sonic na farko na gwada, sai na ga baƙin layi sama da ƙasan allo, kiɗan ma kamar ya fi wanda nake ji a intanet nauyi. Lalacewa ce? Sannan ni da zan buga da dare, wanne ya fi ƙarfin yara amma ya cancanci wahalarsa?

Kawu, Fadaman Mada

Baban Yara, naka guda biyu ne, ka zaɓa.

Shinobi III na 1993. Zagaye 7. Danna gaba sau biyu da sauri Joe Musashi, jarumin wasan, ya ruga, yana dafa bango ya yi tsalle zuwa wani bangon, yana rataya a rufi ya tafi da hannu. Gaba ɗaya wasan yana kan tsalle mai hawa biyu: danna na biyun sai a daidai ƙololuwar tsallen farko, ba kafin ba, ba bayan ya fara saukowa ba. In ka jefa wuƙa a cikin wannan juyin, takwas ne suke fita a baje, suna share allo amma suna cinye guzuri. Zagaye na 6, inda ake hawan duwatsun da suke zubowa daga sama, shi ne jarrabawar: wanda bai iya tsallen nan ba ba zai wuce ba. Yayansa The Revenge of Shinobi na 1989 ya fi shi tsauri da nauyin jiki. A wancan, in ka mayar da adadin wuƙaƙe 00 a Options ka jira ba ka taɓa komai ba, sifirin biyu za su haɗe su zama alamar mara iyaka.

Na biyu Rocket Knight Adventures, na Konami, shi ma 1993. A ganina shi ne wanda aka fi yi wa rashin adalci a wannan na'ura, don bai yi suna kamar Sonic ba alhali kowane mataki da sabon abin da yake kawowa. Danne maɓallin sara har ma'aunin roka ya cika, nuna inda kake so, saki. In ka nuna kusurwa, Sparkster, jarumin wasan, zai riƙa karo da bango yana dawowa, da haka ake hawan rami mai tsawo. In ba ka nuna ko'ina ba, a wurin zai juya da takobi, wannan ne na dukan bos da ya matso. Kuskuren sabon hannu shi ne sakin roka a saman rami ba tare da ya san inda zai sauka ba, domin in ta ƙare faɗowa yake yi ba birki. Ba ajiya, ba lambar sirri, amma wanda ya san hanya yana gama shi a zama ɗaya, saboda haka sai daren da batirin inbata ya cika.

Ristar na 1995 yana tsakanin naka da na yara. Ba a taka abokin gaba, hannu ake miƙawa ta kusurwa takwas a cafko shi a yi masa karo da ka. A ruwa ba ya nutsewa, ba ƙirgan numfashi. Rubuta ILOVEU a wurin lambar sirri, zaɓen mataki zai buɗe.

Castlevania na wannan na'ura, wanda a kwalin Turai aka rubuta The New Generation, yana da lambar sirri da mataki 6, amma ƙwarangwal da dodanni sun cika shi, ba na gaban ɗan shekara 7 ba ne.

Mai Gyara, Muda Lawal

Lafiyarta ƙalau Malam. Lambar nan ta Turai ce, tana fitar da hoto 50 a daƙiƙa, ta Amurka da Japan kuma 60. Wasan da aka tsara a kan 60 in ya hau taka yana rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, ga layin sama da ƙasa da ka gani. Sonic na farko har kiɗansa ke yin nauyi, a Sonic 2 an gyara kiɗan, gudun ne kawai ya rage. Ga yara ma sauƙi ne.

Ana iya sa mata makunnin 60, amma sai an yanke layi a kan allon cikin na'ura, kuma bayan an yi, ta wayar AV talabijin da yawa suna nuna fari da baƙi domin siginar launi ta kauce. Ka bar ta yadda take.

Abin da lambar ta shafa shi ne saye. Nemi kaset ɗin da aka rubuta Mega Drive na Turai. Na Genesis, wato na Amurka, yana shiga ramin, kuma Sonic 1 da 2 suna tashi ba matsala, amma wasu na 1993 zuwa sama suna duba yankin na'ura, su nuna rubutu su tsaya. Na Japan kuma gefensa daban ne, ba ya shiga ramin taka sai an fafe bakin, kada ka yarda a fafe. Duk wanda aka rubuta Genesis a jikinsa, a kunna shi a kan taka ka ga an fara wasa kafin kuɗi su fita daga aljihu.